Waɗanne waƙoƙin Japananci ne suka dace da mai koyo?

Ummi_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama haruffan Japananci na hiragana da katakana, yanzu ina fama da kanji, wato haruffan da suka aro daga Sinanci, da nahawun N5, matakin farko na jarrabawar Japananci ta JLPT. Matsalata kunne ce. Idan jimla tana rubuce ina iya warware ta a hankali, amma da an faɗe ta da baki sai ta wuce ni. An ba ni shawarar in riƙa sauraron waƙoƙi, sai na shiga YouTube na nema. Duk abin da ya fito min na anime ne, wato finafinan zanen Japan, ganga da jita sun danne muryar, mawaƙin kuma ko numfashi ba ya tsayawa yi. Don Allah waɗanda suka riga ni, wa kuke saurara? Ina son mai sanyi, wadda ake jin kalmominta, kuma ba ta batsa ba.

Abba_Otaku:
Wa alaikumus salam. YOASOBI kawai, an gama magana. Waƙarsu ta "Idol" a 2023 duniya gaba ɗaya ta ɗauka. Ki ƙara da LiSA da Ado.

Malam_Sendai:
Haba Abba, so kake ta ajiye karatun ne? Ta ce tana son wadda ake jin kalmomi, ka miƙa mata waɗanda suka fi kowa gudu.

Malama Ummi, akwai dalilin da ya sa irin waɗannan suke wahalar ji. Ayase, mai tsara wa YOASOBI kiɗa, da Vocaloid ya fara, wato manhajar da ke rera waƙa da muryar kwamfuta, irin su Hatsune Miku da ta fito a 2007. Wanda ya saba rubuta wa na'ura waƙa ba ruwansa da inda mutum zai ja numfashi, sai ya cusa gaɓoɓi masu yawa a layi ɗaya, ya yi ta hawa da sauka. Ikura da ke rerawa gwana ce shi ya sa take iyawa, amma ko Japanawan kansu suna shan wuya da waƙoƙin a karaoke, inda ake sa kiɗa mutum ya rera da bakinsa.

Ki fara da waɗanda murya ce a gaba, kiɗa a baya. Kiroro, mata biyu daga Okinawa, ɗaya na waƙa ɗaya na fiyano. Waƙarsu "Mirai e" ta 1998 a kan mahaifiya ce, a hankali take tafiya, kalmominta kusan duk za ki same su a darasin N5 da N4. Sai Aimyon, ita da jitarta, bakinta a buɗe yake, ba ta haɗiye gaɓa. "Marigold" ta 2018 ta ishe ki aiki na ɗan lokaci.

Abba_Otaku:
To ai ni ta nan na koya Malam.

Malam_Sendai:
Ka koyi rerawa ko ka koyi abin da ake cewa?

Abba_Otaku:
An zo wajen 😅

Hafsat_Jos:
Ina goyon bayan Aimyon. Na ƙara da Spitz, tsofaffin hannu ne tun 1987. Muryar Kusano Masamune tas take, kowace gaɓa tana fita. Gargaɗi ɗaya: kalmominsa masu sauƙi ne amma ma'anar a dunƙule take. Za ki duba kowace kalma a ƙamus ki gane ta, ki haɗa layin ki rasa inda ya dosa. Kada ki ɗauka ke ce ba ki iya ba, su ma masu harshen gardama suke a kan abin da yake nufi.

Injiniya_Bash:
Ni fa ra'ayina daban. Waƙa ba ta koyar da harshe. Ɓata lokaci ne da aka yi wa kwalliya. Awa ɗayan da za ki yi kina maimaita amshi, da littafin nahawu kika buɗe ko kika saurari hira ta gaske da kin fi ƙaruwa. Babu wanda zai tare ki a tashar jirgin ƙasa ya yi miki magana da karin waƙa. A jarrabawar JLPT ma sashen sauraro hirar ofis ce da ta kanti da sanarwa.

Maman_Walid:
Injiniya, to mutanenmu na Kano da suke jin Indiyanci ba su taɓa zama a aji ba fa? Ba waƙa ba ce?

Injiniya_Bash:
Fim ne Hajiya, ba waƙa ba. Awa uku suna kallon mutane suna ciniki, suna faɗa, suna gaisawa. Wanda waƙar kaɗai ya haddace, abin da ya sani bai wuce zuciya da soyayya da hawaye ba. Ki tura shi kasuwa ya sayo albasa ki gani.

Maman_Walid:
Wannan kuma ka faɗi gaskiya, amma waƙar ce ta zaunar da su gaban fim ɗin tun farko.

Malam_Sendai:
Injiniya yana da rabin gaskiya, kuma rabin da yake da shi mai muhimmanci ne, don haka bari in tsaya a kai.

Abin da waƙa ba za ta ba ki ba, na farko, shi ne karin sauti. Japananci yana da hawa da saukar murya da ke bambanta kalmomi, kamar yadda mu muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. A lafazin Tokyo, "hashi" idan muryar ta fara sama ta sauko sandunan cin abinci ne, idan ta fara ƙasa ta hau gada ce. To a waƙa, karin kiɗan ne ke mulki. Inda kiɗa ya hau nan murya za ta hau, ko da kalmar ba haka take a magana ba. Wanda ya ɗauki lafazinsa daga waƙa zai riƙa ɗora sauti inda ba wurinsa ba.

Na biyu, ladabin magana. Yawancin waƙoƙi da sigar magana ta tsakanin abokai ake yin su, ba "desu" ba "masu" da ake rufe jimlar ladabi da su. Kuma cike suke da "kimi" da "omae" da "anata", alhali a zahiri Bajapane da wuya ya ce wa mutum "kai". Sunansa zai kira ya ƙara "san", ko ya kira muƙaminsa. Akwai wani ɗalibi baƙo da ya zo ɗakin bincikenmu, ya sha anime da waƙoƙi har ya ƙoshi, bakinsa kuwa ya faɗa sosai. Ranar da aka yi liyafar tarbarsa, farfesa ya tambaye shi wani abu, sai yaron nan ya mayar da tambaya da "kimi". Wata sakatariya da ke zuba shayi ta tsaya da buta a hannu, ɗaliban duk suka sunkuyar da kai kan farantansu. Farfesan ya gyara tabarau, ya yi ɗan murmushi, ya canza magana. Babu wanda ya ce masa komai a wurin, sai washegari wani babban ɗalibi ya ja shi gefe. Kamar yaro ne ya dubi dattijo a zaure ya ce masa "kai wane".

Amma abin da waƙa take bayarwa shi ma ba ƙarami ba ne. Japananci da awo yake tafiya, kowace gaɓa da bugunta daidai da 'yar uwarta. Dogon wasali bugu biyu ne, "n" ta ƙarshen gaɓa bugu guda ce mai zaman kanta, ƙaramar "tsu" mai sa shadda ita ma bugu ce. Sunan Tokyo bugu huɗu ne ba biyu ba. A magana mai sauri baƙo ba ya jin wannan, amma a waƙa mai sanyi sau da yawa kowane bugu ana ba shi nasa sautin, sai kunne ya kama. Kuma mu Hausawa mun shigo da jari a nan. Mun san bambancin gari na mutane da gari na tuwo, mun san baba da babba. Don haka "obasan" gwaggo da "obaasan" kaka, ko "kite" zo da "kitte" kan sarki, ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Turawan da muke aji ɗaya da su nan suke tuntuɓe. Wasulan ma biyar ne kamar namu.

Hafsat_Jos:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Wani abu kuma da ke rikita mai koyo: a magana "desu" kusan "des" ake ji, wasalin ƙarshe ya shaƙe. A waƙa sai a fito da shi fili. Haka harafin を da ake furtawa "o", mawaƙa da yawa "wo" suke cewa.

Injiniya_Bash:
Kun ga? Duk bayanin nan hujjata yake ƙarfafawa.

Zainab_Kumasi:
Injiniya ka bar yarinya ta ji daɗin karatunta mana. Ba ta ce za ta jefar da littafi ba. Ni a cikin mota nake saurara, hanyar aiki, lokacin da ba zan iya buɗe littafi ba ko da ina so. Kalmar da na ji a amshi ba ta fita kaina. Wadda na haddace a jeri kuwa bayan sati ta gudu.

Ummi, idan kina son wadda take da siga ta ladabi, ki nemi "Tegami" ta Angela Aki, 2008. An tsara ta kamar wasiƙa daga ɗan shekara 15 zuwa ga kansa idan ya girma, don haka akwai "desu" a ciki da irin buɗewar wasiƙa ta Japanawa. An yi ta ne don gasar waƙar makarantu ta NHK, gidan rediyo da talabijin na ƙasar Japan, shi ya sa za ki samu bidiyoyi birjik na 'yan sakandare suna rerawa tare da fiyano kawai.

Baba_Garba:
Salamu alaikum yara. Na ga duk sunayen da kuke kawowa na jiya-jiya ne. Ni na je Kitakyushu kwas ɗin JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, a ƙarshen shekarun 1990, a kan harkar ruwan sha. Masu masaukinmu suka kai mu karaoke, ɗan ɗaki ne da kujeru da talabijin da littafi mai kauri na lambobin waƙoƙi. Su suna shan abinsu, mu muna shan shayin sha'ir mai sanyi. Waƙar da suka koya mana ita ce ta Sakamoto Kyu, "Ue o Muite Arukou". Ta fito a 1961, kuma a 1963 ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, da Japananci tsantsa. Turawa suka sa mata suna "Sukiyaki", sunan abinci da ba shi da alaƙa da waƙar ko kaɗan, don dai shi bakinsu ke iya faɗa. Mawaƙin ya rasu a hatsarin jirgin sama na watan Agusta 1985, wanda mutum 520 suka mutu.

Layukanta gajeru ne, ana maimaita su, kuma akwai sunayen lokutan shekara a ciki. Har yau ina iya rera ta, jikokina suna dariya. 'Yata Ummi, ki fara da ita.

Ummi_Zariya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na rubuta.

Abba_Otaku:
Baba ashe kai ne shugabanmu a zauren nan, mun yi gaisuwa 🙌

Baba_Garba:
Ina amsawa. Ku nemi Misora Hibari ma, ita ce sarauniyarsu, ta rasu a 1989. Irin waƙar da ake kira enka.

Malam_Sendai:
Baba a yi min afuwa in ɗan sa baki. Waƙar Hibari ta ƙarshe, "Kawa no Nagare no You ni", ta dace da mai koyo ƙwarai, a hankali take kuma a fili. Amma enka gaba ɗayanta sai an yi hattara. Suna da wata karkarwar murya da suke kira kobushi, a ja wasali ɗaya a yi ta lanƙwasa shi har mai koyo ya manta da wace kalma aka fara. Ga tsofaffin kalmomi, kuma zancen bai cika wuce tashar jirgin ruwa da dusar ƙanƙara da giya da rabuwa ba. Ko Sakamoto ɗin ma yana da yadda yake karya wasula da ba haka ake magana ba, sai ta riƙa duba rubutun.

Baba_Garba:
Ba laifi Malam, ku ne a can.

Sani_Damagaram:
Sannunku. Ni daga Nijar nake, da Faransanci nike koyo. Ga masu jin Faransanci, shafin Nautiljon yana da baitocin waƙoƙin Japan da yawa da fassara. Amma tambayata daban ce: mi ya sa in na nemi wasu waƙoƙi sai a ce ba a iya kallo a ƙasarku? Ko kuma in samu rabin waƙa kawai?

Hafsat_Jos:
Tsohuwar matsala ce. Japan ita ce kasuwar kiɗa ta biyu a duniya bayan Amurka, don haka kamfanoninsu sun daɗe ba su damu da na waje ba, cinikin gida ya ishe su. Kuma har yanzu suna sayen faifan CD, shi ya sa da can sukan ɗora guntun bidiyo kawai don ka je ka sayi faifan. Abin ya yi sauƙi yanzu. Arashi, da suna cikin manyan ƙungiyoyinsu, sai a 2019 suka fara shiga manhajojin sauraro. Yamashita Tatsuro kuwa ya daɗe yana ƙin sa yawancin waƙoƙinsa. Mu nan Spotify ma sai 2021 ta iso Najeriya. A Audiomack da Boomplay ni dai ban cika samun abin kirki na Japan ba.

Malam_Sendai:
Ƙari a kan na Hafsat: a nan har yau akwai katafaren shagon Tower Records a Shibuya, hawa-hawa duk faifai, kuma a Book Off ana samun na hannu da araha. Amfanin faifan ga mai koyo shi ne ɗan littafin baitoci da ke ciki. Manhajar rediyonsu ta radiko kuma ba ta aiki a wajen Japan, kada wani ya ɓata datarsa.

Zainab_Kumasi:
Babbar dabarar nema ita ce ki daina rubutawa da boko. Ki sa allon rubutun Japananci a wayarki. Ki rubuta sunan waƙa ki ƙara 歌詞付き, wato mai ɗauke da baitoci, ana karanta shi "kashi tsuki". Idan kina son murya da jita ko fiyano kawai, ki ƙara 弾き語り, "hikigatari". Nan za ki samu har waƙoƙin anime ɗin da Abba yake so an rera su a hankali.

Abba_Otaku:
Tsaya Anti Zainab, me kika ce suna kiran baitoci? 😂

Zainab_Kumasi:
Na san sai ka tanka. Ka girma mana.

Nura_Sakkwato:
Assalamu alaikum. Ban zo in ɓata wa kowa ba, amma ni ba ni sauraron kiɗa saboda fahimtata ta addini. Ina kuma da irin matsalar da Malama Ummi ta faɗi. Akwai abin da zai maye gurbi?

Ɗan_Fagge:
To fa, yanzu za a fara.

Admin_Rabi:
Ba za a fara komai ba. Tambaya ya yi ta karatu, a ba shi amsa ta karatu. Mai son muhawarar hukuncin kiɗa ya san zaurukan da ake yin ta.

Injiniya_Bash:
Malam Nura, kai ka ma fi su dacewa. Ka nemi Nihongo con Teppei, akwai na masu farawa, mutum ɗaya ne yana hira a hankali na 'yan mintoci, yana maimaita kalmomi. Sai NHK News Web Easy, labarai da sauƙaƙan kalmomi, da ƙananan haruffan furigana a saman kanji masu nuna yadda ake karanta shi, kuma akwai murya da ke karantawa. Ka rubuta 朗読 a YouTube, "roudoku", za ka samu masu karanta tatsuniyoyi da gajerun labarai. Wasu suna sa ɗan kiɗa a ƙasa, sai ka tsallake su. A nan za ka samu karin sautin da Malam_Sendai ya ce waƙa tana ɓatawa.

Nura_Sakkwato:
Madalla, Allah ya saka da alheri.

Maman_Walid:
Mu dawo kan Ummi. Ba wanda ya ambaci waƙoƙin yara. Ni da ɗana muke koyo, kuma gaskiya nan na fi samun ƙaruwa. NHK tana da wani ɗan shiri na minti biyar, Minna no Uta, tun 1961 ake yin sa, waƙa da zane da baitoci a ƙasan allo. Waƙoƙin yara cike suke da kalmomin kwaikwayon sauti, irin su "kirakira" na ƙyalli da "dokidoki" na bugun zuciya. Kada ki raina su, manya ma da su suke magana kullum, har a gaban likita. Mu da muke da fes da tinjim da wulik ba za mu sha wuyarsu ba.

Hafsat_Jos:
Haka ne Hajiya, sai dai a bambanta na yaran yanzu da tsofaffin waƙoƙin makaranta. Irin su "Furusato" ta 1914, kowane Bajapane ya san ta, amma da tsohon nahawu aka rubuta ta, irin wanda ba a magana da shi yau. Yaransu ma suna rerawa ba tare da sun gane wasu layukan ba. Mai N5 idan ta ɗauki waɗannan ƙarshen aikatau ta kai wa malaminta, sai ya riƙe baki.

Ɗan_Fagge:
Ni city pop nake ji, kiɗan Japan na shekarun 1970 da 1980. Waƙar nan ta Utada Hikaru, "Plastic Love", ita ta jawo ni Japananci.

Zainab_Kumasi:
Ba ta Utada ba ce ɗan uwa. Takeuchi Mariya ce, 1984, matar Yamashita Tatsuro da Hafsat ta ambata. Shekara talatin da wani abu bayan fitowarta YouTube ya tono ta ya watsa wa duniya. Utada a lokacin tana jaririya. Ita nata kundin "First Love" ne na 1999, tana da shekara 16, kuma har yau babu kundin da ya kai shi ciniki a Japan.

Ɗan_Fagge:
Oho, duk dai daɗi gare su.

Zainab_Kumasi:
Daɗi kam akwai. City pop ba laifi ga mai koyo, saurinta matsakaici ne, sai dai amshin yakan koma Turanci. Utada kuwa a New York aka haife ta, tana yanka kalma a tsakiya ta ja numfashi inda Bajapane ba zai tsaya ba. Salo ne, amma mai koyo zai ɗauka kalmomi biyu ne.

Abba_Otaku:
Fujii Kaze fa? Shi ai ba gudu yake ba.

Malam_Sendai:
Mawaƙi ne na gaske, amma ɗan Okayama ne kuma a waƙoƙinsa na farko da karin harshen garinsu yake yi, har yana kiran kansa "washi". A Tokyo idan matashi ya ce haka sai a ɗauka tsohon cikin tatsuniya yake kwaikwayo. Ka ji daɗinsa, amma ka san ba daidaitaccen harshe kake ji ba. Haka waƙoƙin Okinawa masu molon sanshin, wasu kalmominsu ba za ka same su a ƙamus ɗin Japananci ba.

Ado kuma da ka ambata a sama, waƙar da ta fito da ita a 2020 kusan zagi ce daga farko har ƙarshe. Iyaye a nan sun yi ta ƙorafi da yara suka ɗauka. Ummi ta ce ba ta son batsa, wannan ba batsa ba ce amma rashin kunya ce tsagwaronta.

Hafsat_Jos:
Tunda an kawo sunaye da yawa, bari in faɗi yadda nake aiki da waƙa, don sauraro kawai ba ya wadatarwa, a nan na yarda da Injiniya.

Ina ɗaukar waƙa ɗaya tak. Da farko ina ji ba tare da rubutu ba, ina rubuta duk abin da kunnena ya kama da hiragana, ko da shirme ne. Sannan in buɗe shafin baitoci na UtaTen, don shi yana sa furigana a kan kanji, ba kamar wasu shafukan ba. In kwafe baitocin da hannu a littafi, ina barin layi biyu a tsakani. Da jan biro nake zagaye ƙananan haruffan nan masu haɗa jimla, wa da ga da ni da de, don su ne kunne ya fi tsallakewa. Inda abin da na ji ya saɓa da abin da ke rubuce, nan ne darasin yake. Kalmomin da ban sani ba in duba a ƙamus ɗin Jisho, amma ba duka nake kai wa Anki, manhajar katunan hadda, ba, sai wadda na ga za ta yi amfani a magana. Daga nan in rage saurin YouTube zuwa 0.75 in bi mawaƙin baki da baki. Maƙwabciyata ta taɓa leƙowa ta taga ta tambaya ko lafiya.

Kada ki yi amfani da baitocin da aka rubuta da boko. Ido zai manne a can, hiraganar da kika sha wuya a kanta ta zube.

Wani tarko kuma: mawaƙansu suna son rubuta kanji ɗaya su rera wata kalma daban. A rubuce ki ga 運命 da ake karantawa "unmei", a baki ki ji "sadame". Da gangan ne, ma'ana biyu suke so su ba ki a lokaci ɗaya. Idan kin ga haka kada ki canza abin da ke katinki.

Sani_Damagaram:
Wannan ya yi. Amma ta ƙaƙa mutum zai san sababbin mawaƙa ba tare da ya dogara da abin da manhaja ta turo mishi ba?

Zainab_Kumasi:
Hanya biyu nake bi. Tashar THE FIRST TAKE a YouTube, tun 2019: farin ɗaki, makirfo ɗaya, mawaƙi ya rera sau ɗaya ba gyara. Ana ganin bakinsa, kuma sau da yawa an rage kayan kiɗa. Sai shirin Kouhaku na NHK da ake yi daren 31 ga Disamba kowace shekara, mata a jan rukuni, maza a fari. Kafin ranar ake fitar da jerin waɗanda aka gayyata, daga 'yan enka har 'yan yayi. Ka ɗauki jerin ka bi su ɗaya-ɗaya, wanda kunnenka ya kama kalmominsa ka riƙe shi.

Injiniya_Bash:
Kanji 2,136 ne a jerin da gwamnatinsu ta tsara na amfanin yau da kullum. Ina jiran wanda zai nuna min nawa ya samu daga amshi.

Maman_Walid:
Injiniya kai dai ba ka gajiya.

Ummi_Zariya:
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci zan samu amsa haka ba. Na gwada ta Kiroro da hanyar Anti Hafsat. Baitin farko na kama fiye da rabi, har na gane wata siga ta umarni mai laushi da muka yi a darasi. Ta Baba kuma tana da daɗi amma sai da na duba rubutu, kamar yadda Malam ya ce. Yonezu Kenshi fa? Ina ta ganin "Lemon" a ko'ina.

Malam_Sendai:
Ta 2018 ce, an yi ta don wani wasan talabijin, kuma a kan rashin wanda ya mutu take. Ki ajiye ta sai kin kusa N3, jimlolinta dogaye ne masu sarƙa. Idan shi kike so, ki fara da "Paprika" da ya rubuta wa ƙungiyar yara ta Foorin.

Hafsat_Jos:
Ni kuma ina ganin ta gwada "Lemon" ɗin yanzu in har tana son ta. Waƙar da mutum yake so ya fi jure mata fiye da mai sauƙin da ba ta burge shi. Ta ɗauki amshin kawai ta bar sauran.

Malam_Sendai:
Amshin ne ma ya fi hawa sama. Amma ba komai, ta gwada ta ba mu labari.

Admin_Rabi:
Tunda abin ya karɓu, me zai hana duk Asabar mu zaɓi waƙa ɗaya mu warware baitocinta tare a nan? Malam Nura da masu irin ra'ayinsa kuma a ɗora musu labari ɗaya na NHK a rana guda. Wa zai fara zaɓa?

Abba_Otaku:
Ni!

Admin_Rabi:
Ban da kai. Baba_Garba, bismillah.

Baba_Garba:
Nakajima Miyuki, "Ito". Amma a sa bayan la'asar, da safe ina gona.

Sani_Damagaram:
La'asar ta Nijar da Najeriya ɗaya ce, amma Zainab tana baya da awa guda, Malam kuma yana gaba da awa takwas. A tsaida lokaci da lamba don Allah.